Me karatun manɗiƙi zai tsinana wa ɗalibin kwamfuta?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a aji biyu, sashen kimiyyar kwamfuta, a nan Samaru. Zangon da ya wuce mun yi darasin lojik, muka yi ta zana jadawalin gaskiya da ƙarya har muka gaji. Na ci jarrabawar, amma har yau ban ga inda zai yi mini amfani ba. Abokaina sun ce ɓata lokaci ne, gara in duƙufa kan harshen rubuta manhaja na Python da gina shafukan intanet, tunda yanzu ma ƙirƙirarriyar basira ce ke rubuta manhaja. To sai kuma na ji an ce akwai fannin da ake sa kwamfuta ta kafa hujja da kanta. Gaskiya ne? Ya cancanci in sa kaina a ciki? Idan haka ne, ta ina zan fara, ga shi kwamfutata tsohuwa ce?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Na ji daɗin wannan tambaya, domin ɗalibai da yawa suna da ita a rai amma ba sa furtawa. Idan na fahimce ka, kana son sanin ko jadawalin nan da ka zana yana da alaƙa da aikin da za ka ci abinci da shi, da ko da gaske na'ura tana iya kafa hujja, da kuma hanyar da za ka bi idan ka ga abin ya dace da kai. Zan amsa duka, amma ka yi haƙuri in faro daga nesa kaɗan.

Abin da kuke kira lojik a aji, sunansa manɗiƙi a zaurukan cikin birnin Zariya, kuma ya riga jami'a zuwa garin nan da ɗaruruwan shekaru. Na tabbata ka san littafin Ahalari da ake fara koyon tsarki da salla da shi. To marubucinsa, Shehu Abdurrahman al-Akhdari, mutumin ƙasar Aljeriya ta yau, shi ne ya yi waƙen nan na manɗiƙi da ake kira Sullam, wato tsani, a shekara ta 941 bayan hijira, yana ɗan shekara 21. A farkon waƙen ya ce matsayin manɗiƙi ga tunani kamar matsayin nahawu ne ga harshe. Tun kafin shi ma, Shehu al-Maghili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi rubutu a fannin, har suka yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi wanda bai yarda a karanta shi ba. Ni kaina a zaure na fara jin muƙaddima da natija da ƙiyasi, shekaru kafin in ga alamomin da ake rubutawa a allon aji. Ranar da na gane abu ɗaya ne aka canza wa riga, ranar tsoron darasin ya fita daga raina.

Manɗiƙin zaure ya taso ne daga ƙiyasin Aristo, ta hannun su al-Farabi da Ibn Sina da al-Ghazali. Abin da ya canza a ƙarni na 19 shi ne an mai da shi lissafi. George Boole a Ingila ya nuna a 1847, ya kuma faɗaɗa a 1854, cewa ana iya sarrafa "da" da "ko" da "ba" kamar yadda ake sarrafa tarawa da ninkawa. Gottlob Frege a Jamus ya ƙaro hanyar rubuta "kowane" da "akwai" ba tare da harshen damo ba a 1879. Sai a 1937 wani ɗalibin digiri na biyu a Amurka, Claude Shannon, ya lura cewa makunnan lantarki, a kunne ko a kashe, suna bin lissafin Boole sau da ƙafa. Jadawalin da ya gajiyar da kai, shi ne zanen abin da ke faruwa a cikin ƙwaƙwalwar tsohuwar kwamfutar taka sau biliyoyi a kowace daƙiƙa.

Akwai abin da ya fi wannan. A 1928 David Hilbert ya yi tambaya: shin akwai wasu matakai tabbatattu da za a bi, a ba su kowace jimla ta manɗiƙi, su faɗi ko tana tabbata ko ba ta tabbata? Kafin a amsa wannan, dole a fara fayyace abin da ake nufi da "matakai tabbatattu". Don ya fayyace shi ne Alan Turing ya zana na'urarsa a takarda a 1936, ya kuma amsa da cewa babu irin waɗannan matakai. Alonzo Church ma ya kai ga wannan amsa a shekarar ta wata hanyar. Ka ga ke nan kwamfuta ba aro ta yi daga manɗiƙi ba. A gidansa aka haife ta.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe

Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma na lura cika jadawali ba ya ba kowa wahala. Wahalar tana wajen ɗauko magana daga bakin mutum a zuba ta cikin alamomi ba tare da ta zube ba. Wannan shi ne ainihin sana'ar, kuma shi ne abin da jarrabawa ba ta cika aunawa ba.

Ɗauki "idan". Ɗan kasuwa a Sabon Gari ya ce wa mai baro: "Idan ka kai mini buhun nan tasha, zan ba ka dubu ɗaya." Yaushe za a ce ya saɓa alkawari? Sau ɗaya tak: an kai buhu, bai biya ba. Idan mai baro bai kai ba, ɗan kasuwa ya hana shi kuɗi, bai saɓa ba. Idan bai kai ba, ɗan kasuwa ya ga dama ya ba shi kyauta, nan ma bai saɓa ba. Layuka biyun nan na ƙarshe su ne ɗalibai ke haddacewa ba tare da zuciyarsu ta yarda ba, alhali kowa a kasuwa ya san haka abin yake. Amma lura da wani abu: sau da yawa idan Bahaushe ya ce "idan", abin da yake nufi shi ne "sai idan". Uwa ta ce wa yaro, "idan ka share tsakar gida za ka fita wasa," ai kowa ya san bai share ba, ba fita. Jimla iri ɗaya, ma'ana biyu. Mutum yana ganewa daga yanayin magana. Kwamfuta ba ta da wannan gatan, abin da ka rubuta shi za ta yi.

Haka "ko". Mai shayi ya ce "da madara ko baƙi?", ɗaya za ka zaɓa. Sanarwa ta ce "a zo da katin makaranta ko katin ɗan ƙasa", wanda ya zo da duka biyun ba za a kore shi ba. Sai kuma wanda ya fi su cin mutane, wato jerin "kowane" da "akwai". Duba waɗannan: kowane ɗalibi yana da malamin da ke duba aikinsa, akwai malamin da ke duba aikin kowane ɗalibi. Ta farko tana yiwuwa da malamai ashirin. Ta biyu ta ɗora wa mutum ɗaya kayan duka. Na sha ganin an gina ma'ajiyar bayanai a kan ta biyu alhali ta farko mai aikin yake nufi, sai bayan wata shida a zo ana rushewa.

Tunda abokanka sun ce ka koyi gina shafuka, ga misali daga can. Kana da jerin ɗalibai da makinsu a ma'ajiya, ka rubuta SQL, wato harshen da ake yi wa ma'ajiyar bayanai tambaya da shi, ka ce a fito da waɗanda makinsu ya kai 40. Ka sake cewa a fito da waɗanda ba haka ba. Hankali zai ce idan ka haɗa jerin biyu ka sami kowa da kowa. Ba ka samu ba. Ɗalibin da ba a shigar da makinsa ba, aka bar gurbin NULL, wato babu komai a ciki, ba zai fito a ko ɗaya ba, domin SQL ba da gaskiya da ƙarya kaɗai take aiki ba, tana da matsayi na uku: ba a sani ba. Yaron da ya ɓace tsakanin jerin biyun nan mutum ne mai iyaye, kuma zai yi ta zarya ofis-ofis yana neman sakamakonsa. Wanda ya karanci manɗiƙi da gaske zai hango wannan tun kafin ya danna maɓalli.

Yadda na'ura ke kafa hujja

Gaskiya ne abin da ka ji, kuma ba sabon abu ba ne. Tun 1956 manhajar da Newell da Simon da Shaw suka rubuta ta tabbatar da ƙa'idoji 38 daga cikin 52 na farkon babi na biyu na wani babban littafin manɗiƙi na Whitehead da Russell. A 1965 Alan Robinson ya fito da ƙa'ida guda ɗaya da ta isa a gina na'urar neman hujja a kanta, daga nan kuma aka sami harshen Prolog a Faransa a 1972.

Kayan aikin yau kusan gida biyu suke. Gida na farko su ne waɗanda kake miƙa wa sharuɗɗa, su nemo maka amsar da ta cika su duka, ko su ce babu ita. Ana kiran tushensu SAT. A nan ne za ka ga iyakar jadawalinka. Jimla mai harufa 3, wato maganganu uku da kowace za ta iya zama gaskiya ko ƙarya, layuka 8 take buƙata. Mai harufa 20 tana buƙatar 1,048,576. Mai 300 kuwa layukanta sun fi ƙwayoyin zarra na duk sararin da ake iya hangowa yawa. A 1971 Stephen Cook ya nuna cewa wannan matsala tana sahun gaba a wuya: wanda ya samo hanyar warware ta da sauri a kowane hali, ya warware dubban matsaloli irinta gaba ɗaya, kuma har yau ba wanda ya samo. Duk da haka manhajojin SAT na zamani suna cinye matsaloli masu harufa dubu ɗaruruwa daga masana'antu. Dabararsu ta mutanen kirki ce: su yi hasashe, su bi abin da hasashen ya tilasta, idan suka ci karo da bango su tsaya su gano musabbabin karon, su rubuta shi a matsayin sabon sharaɗi don kada su sake faɗawa ramin. Gindin hanyar tun 1962 yake, koyo daga karon kuma ya zo ne a tsakiyar shekarun 1990. A kan wannan aka ɗora irin su Z3 ta kamfanin Microsoft, wadda ta san lissafin lambobi ban da gaskiya da ƙarya.

Gida na biyu su ne mataimakan hujja, irin su Coq da Isabelle da Lean. A nan kai ne mai kawo hujjar, na'ura kuma alƙali ce da ba ta karɓar "ai a bayyane yake". Kowane mataki sai ka nuna ƙa'idar da ta halatta shi. Da Coq ne Georges Gonthier ya kammala tantance hujjar launuka huɗu a 2005, wato cewa launi huɗu sun isa a shafa wa kowace taswira ba tare da maƙwabta biyu sun yi launi ɗaya ba. Da Isabelle ne wasu masu bincike a Ostareliya suka tabbatar a 2009 cewa zuciyar wani tsarin gudanar da kwamfuta mai suna seL4, layuka kusan 8,700 na harshen C, tana yin daidai abin da aka zayyana mata. Hujjar ta kai layuka wajen 200,000. Riƙe wannan lissafin a ranka, zan dawo kansa.

Me ya sa kamfanoni ke kashe kuɗi a nan? Saboda gwaji, kamar yadda Edsger Dijkstra ya daɗe da faɗa, yana iya nuna akwai kuskure amma ba ya iya nuna babu shi. A 1994 aka gano ƙwaƙwalwar Pentium tana kuskuren rabawa a wasu lambobi ƙalilan, abin ya ci wa Intel dala miliyan 475. Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da tashinta, saboda an yi ƙoƙarin cusa lamba mai gurbi 64 a mazubi mai gurbi 16. Ba a rasa gwaji a waɗannan ayyuka ba. Halin da ya kawo ɓarnar ne bai faɗo cikin waɗanda aka gwada ba.

Abin da jadawalin jarrabawa ya koya mini

Wata shekara wata makaranta ta nemi in taimaka mata da tsara jadawalin jarrabawa, aikin da malamai biyu kan kwashe mako suna yi da fensir da abin gogewa. Na rubuta sharuɗɗan a Python na miƙa wa Z3: kada ɗalibi ya sami jarrabawa biyu a lokaci guda, kada a zuba wa ɗaki fiye da kujerunsa, kada mai sa ido ya kasance a ɗaki biyu. Kafin in ɗaga kofin shayi ta fito da jadawali, kuma bai karya sharaɗi ko ɗaya ba. Na kai wa shugaban makarantar ina murna. Ya duba, ya ɗago kai ya ce, "Malam, wa zai zauna jarrabawa ƙarfe ɗaya da rabi ranar Juma'a?"

Na'urar ba ta yi kuskure ba. Ni ne ban gaya mata ba, domin abin ya zauna mini a jini har ban gan shi a matsayin sharaɗi ba. Na koma na ƙara. Sai aka ce ai wani malami daga Kaduna yake zuwa, ba ya isowa da sassafe. Na ƙara. Aka ce kada aji ɗaya ya yi manyan darussa biyu a rana guda. Da na ƙara wannan sai Z3 ta ce babu jadawalin da zai cika duka. Nan ne na ga amfaninta na gaske, domin tana iya ware maka sharuɗɗan da suka ci karo da juna. Na kai wa shugaban su a takarda ɗaya, na ce ga su, ɗaya sai ya sassauta, ko a ƙara kwana. Gardamar da aka saba yi kowace shekara, ana zargin masu tsarawa da son kai, ta mutu a zama ɗaya, aka ƙara kwana guda.

Tun daga ranar nake gaya wa ɗalibaina cewa na'ura tana tabbatar da cewa amsa ta dace da abin da ka rubuta, amma ba ta da hanyar sanin ko abin da ka rubuta shi ne abin da mutane ke bukata. Wannan gibin mutum ne ke cike shi, kuma mutumin da ya san wurin. Injiniyan da bai taɓa zama a Zariya ba ba zai tuna da Juma'a ba, ba zai san yadda azumi ke canza lokutan aiki ba.

Wannan kuma shi ne amsata ga maganar ƙirƙirarriyar basira. Ina amfani da ita, tana rubuta manhaja da sauri, kuma sau da yawa daidai. Amma tana rubuta mai kuskure da irin ƙarfin gwiwar da take rubuta mai kyau. Idan rubutawa ta yi arha, abin da zai yi tsada shi ne mai iya faɗin takamaimai abin da ake so, da mai iya tantance ko an samu. Abokanka sun yi gaskiya da suka ce ka koyi Python. Inda ban bi su ba shi ne ɗaukar abin a matsayin zaɓi tsakanin biyu. Ni da Python ɗin nake magana da Z3.

Ta inda za ka fara

Fara da takarda da biro, kuma kada ka yi gaggawar barin su. Ka iya hujjoji iri uku har su zama maka kamar karatun Fatiha: ta kai tsaye, ta ɗaukar akasin abin da kake son tabbatarwa ka bi shi har ya ci karo da kansa, da wadda nake kira hujjar tsani, inda za ka nuna matakin farko ya tabbata, kuma kowane mataki yana ɗaukar na gaba da shi. Ta ukun nan ita ce uwa a fanninmu, domin duk wani zagaye da ka rubuta a manhaja, da ita ake tabbatar da shi. Littattafan lissafin kwamfuta da ke Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim sun ishe ka wannan, ko da tsofaffin bugu ne; ƙa'idojin ba su canza ba. Ka samu aboki ɗaya mai taurin kai ku riƙa duba hujjojin juna. Wanda zai ce maka "ban yarda ba, nuna mini" ya fi maka goma masu gyaɗa kai.

Bayan wata biyu ko uku sai ka sauko da Z3. Ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfutarka za ta ɗauke ta, kuma da ka sauke ta ba ka ƙara buƙatar data. Fara da wasan cike lambobi na sudoku, sannan ka nemi matsala ta gaske a kusa da kai: jadawalin darussan islamiyyar unguwarku, ko rabon kwanakin aiki a wani kyamis. Je ka zauna da mai wurin, ka saurari yadda yake faɗin ƙa'idojinsa, ka mai da su alamomi, ka dawo masa da sakamako ya nuna maka abin da ka manta. Zai nuna maka, kada ka ji haushi. Lean kuwa ka bar ta sai ka ji hannunka ya faɗa. Akwai wasan koyon ta a intanet da aka fara a Kwalejin Imperial ta Landan, inda za ka gina lissafi daga sifili har ka tabbatar da cewa a tarawa, ko wace lamba ka fara sawa amsa ɗaya ce. Babban rumbun lissafinta yana cin data sosai, sai ka sami intanet na makaranta.

Ba zan ɓoye maka iyakokin abin ba. Ka tuna seL4: layin manhaja ɗaya, layin hujja fiye da ashirin, da shekarun aikin ƙwararru. Ba wanda zai biya wannan don shafin sayar da atamfa, kuma bai kamata ba. Ana ajiye irin wannan tsanani ne ga inda kuskure ke cin rai ko dukiya mai yawa: jiragen sama, na'urorin asibiti, ƙwaƙwalwar kwamfuta, tsaron bayanai, manhajojin da ke riƙe kuɗin mutane. Sannan sakamakon Turing yana nan daram: ba za a taɓa samun manhaja guda da za ta duba kowace manhaja ta yanke hukunci a kanta ba, don haka wani lokaci za ka bar na'ura tana nema har gari ya waye ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ni ma aikina bai wuce na koyarwa da ƙananan matsaloli irin na jadawalin nan ba, ban taɓa jagorantar tantance babbar manhaja ba, saboda haka ka ɗauki shawarata a matsayin ta mai nuna bakin hanya. Kuma ba zan yi maka alkawarin cewa kana gama bautar ƙasa za ka tarar da aiki mai wannan suna yana jiranka a Kaduna ko Abuja ba. Mafi yawan masu yin sa zalla suna manyan kamfanonin waje ne da jami'o'i, kuma ta digiri na biyu da na uku ake shiga. Idan can ka nufa, aikin kammala digiri a wannan fanni zai yi maka kyakkyawar shaida. Idan kuma manhajar kasuwa za ka rubuta, za ka rubuta wadda ba ta ɓatar da ɗan mutane tsakanin jeri biyu.

Ga aikin da nake so ka yi kafin mu sake magana. Ɗauko takardar ƙa'idojin rajistar darussa ta sashenku, ka zaɓi jimla biyar, ka rubuta kowace da alamomi. A cikinsu ka nemo guda ɗaya da za a iya fahimta ta fuska biyu, ka rubuta duka fuskokin, ka kuma ƙirƙiro ɗalibin da fuska ta farko za ta bari ya yi rajista, ta biyu ta hana shi. Ka turo mini, ko ka same ni bayan la'asar mu duba tare. Allah Ya yi wa karatu albarka.